Rigar da Ba Ta Taɓa Matse Yaya Ba

Matar yayana ba ta taɓa ce wa mutum ya yi ƙiba ba. Shekara ashirin da huɗu tana ɗinki, goma sha ɗaya daga ciki ina shagon da ke jikin nata ina sayar da zare da maɓalli da zif. Bangon katako ne kawai tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji. Idan mace ta shigo tana huci wai rigarta ta matse ta, sai Anti ta karɓa, ta juya ta ciki waje, ta girgiza kai ta ce yadin ne ya tsuke a wanki, yadin yanzu ba shi da amana. Matar ta fita tana zagin masu yadi, ta dawo bayan kwana biyu ta tarar riga ta zauna mata daram. Ni kuwa ina bayan katako ina ƙunshe dariya, don na ga matar da idona, na san yadi bai yi laifin komai ba.

A layinmu Rabin-Inci ake kiranta. Duk wanda ta auna, in ta gama sai ta sake kallonsa sama da ƙasa, ta ce a ƙara rabin inci, ta rubuta. Ba ta taɓa yin kuskure da wannan rabin ba. Babanta tela ne na kayan maza, shi ya koya mata a kan baƙin keken da har yau take takawa, wanda fentinsa ya goge a daidai inda hannunta na dama ke zama. Abu biyu ya bar mata. Na farko, ta riƙa barin ajiyar yadi a cikin kowane ɗinki, inci biyu a naɗe, don jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Na biyu, abin da tef ya gani ya tsaya tsakaninta da tef. Ta riƙe biyun nan gam. Takan gane mace na da juna biyu tun mijin bai sani ba, ta saki ƙugun siket ta yi gum da bakinta. Ni da ba na iya riƙe magana daga safe zuwa azahar, wannan halin nata yakan ba ni haushi, yakan kuma burge ni.

Mijinta shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Direba ne, yana jan bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta, shekara goma sha tara bai ko goge fentin mota ba. Allah ya yi shi da ji da kai. Kamfani na ba direbobi yadi ruwan sararin samaniya, kowa ya kai wa telansa, shi kuwa telarsa na gida. Riga uku da wando uku ta ɗinka masa, kuma da aka sake raba yadi bai yarda an yanka sabo ba, wai tsofaffin ba su yi komai ba. Abin alfaharinsa kenan a duniya bayan tuƙi. In ya biyo ta layinmu ya gan ni ina cin wani abu, sai ya bugi ƙirji ya ce in dube shi, rigar shekara biyar ce a jikinsa, ko maɓalli ɗaya bai taɓa yi masa gardama ba, ni kuwa duk wata sai an ƙara mini yadi. In ce masa ya je ya ji da motarsa. Bai taɓa tsayawa an auna shi da tef ba, yana cewa matar da ta san shi ba ta bukatar igiya.

Hawan jini ya fara masa kamar wasa. Aka ba shi ƙwaya ɗaya, ta zama biyu, kafin shekara uku yana haɗiye huɗu kowace safiya, jinin kuma ko gezau. Anti ta cire gishiri daga tukunya har yara suka fara zuwa gidana cin abinci a ɓoye. Sai ƙafafu suka fara ɗaure masa, yana zaune jijiyar sharaɓa ta murɗe, ya cije leɓe ya ce ba komai. Kamfaninsu kuwa duk shekara sai likita ya duba direbobi. Shekara biyu yana tsallakewa da ƙyar, a ta uku aka auna shi sau uku a zama ɗaya, aka ce ya ajiye makulli. Sun ba shi wata shida ya nemi lafiya ya dawo a sake aunawa. In jinin bai sauka ba, bas ɗin ya zama na wani. Ranar na ga yayana zaune a kan benci ƙofar shagon matarsa da rana tsaka, hannu ba makulli.

Aka tura shi wajen wata likita a babban asibiti, ba ta kai ni shekaru ba, ga sanyin magana. Wata uku ana zirga-zirga, yau a ɗebi jini, gobe a canza magani, jibi a shiga na'urar hoto. Daga ƙarshe ta gano bakin zaren. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarai cikin jini. Ta hagu a jikin Yaya ta yi ɗan ƙullutu, tana zubo wani sinadari da ake kira aldosteron fiye da ƙima. Shi ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotashiyam da tsoka ke bukata, shi ya sa jini ya ƙi jin magani, ƙafafu ke ɗaurewa. Aka ƙara wasu gwaje-gwaje, aka tsayar da magana a kan za a cire 'yar tsokar ta hagun, ta dama ta ishe shi rayuwa. Aka sa rana, saura mako biyu.

Ranar da aka sa ranar ni na raka shi, don Anti na fama da kayan makarantar yara tamanin da ta yi alkawari. Likita na cike takardu tana yi masa tambayoyi. Ta tambaye shi ko jikinsa ya canza a 'yan shekarun nan, ko ciki ya fito, ko fuska ta cika, ko kaya sun fara matse shi. Ai kuwa ta taɓo masa inda yake so. Ya gyara zama ya ce kilo saba'in da takwas yake tun kafin a haifi autarsa, ta duba katinsa ta gani. Ya kama kwalar rigarsa ya ce shekararta biyar, ko zare ba a taɓa ba. Ni sarkin shisshigi har da ba da shaida, na ce wallahi gaskiya ne, ya ishe mu da gorin rigar nan. Likita ta dube shi, ta ga mutum tsaf cikin riga mai dogon hannu da ta zauna masa, ta yi murmushi ta ja layi a takardarta. Ta ce ta tambaya ne don wasu masu irin ciwonsa ƙullutun kan haɗa da zubo wani sinadarin na biyu, shi kuma yakan sauya fasalin jiki.

Da muka dawo na leƙa shagon Anti ina ba ta labari don mu yi dariya, har ina kwaikwayon yadda ya kama kwala. Tana taka keke tana saurare. Ina zuwa kan maganar fasalin jiki sai keken ya tsaya. Keken Anti ba ya tsayawa a tsakiyar layi, ko gobara ake sai ta kai ƙarshen ɗinki. Ta sa na maimaita abin da likita ta ce, kalma bayan kalma. Sannan ta miƙe ta jawo ɗaya daga cikin rigunan Yaya a ƙarƙashin teburin guga, ta juya ta ciki waje, ta ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ta ce in matso.

Na matso. A gefen rigar, daga hammata zuwa ƙasa, ga layukan hudar allura jere, ƙanana-ƙanana, haske na ratsa su. Na ƙirga biyar. Kowane layi wurin da ɗinki ya taɓa zama ne kafin a farke shi a matsar. Ajiyar inci biyun nan ta ƙare tas, har ta yi ƙari da ƙyallen da ta ɓoye na ragowar yadin. Kwala kuwa ba ta asali ba ce, ta uku ce, kowacce ta fi ta baya faɗi. Ta juyo hannun rigar, nan ma layuka ne, amma su ciki suke shiga, ragewa ake yi. Ta ce haka wandunan suke, ƙugu na buɗewa, cinya na tsukewa. Dogon hannun ma tun wurin yanka ita ta sauya masa daga gajeren da ya saba, ta ce masa ya fi kwarjini, alhali ta ga fatar hannunsa ta yi laushi, abu kaɗan ya taɓa shi sai wurin ya yi baƙi ya daɗe. Duk ranar hutunsa, yana gida da singileti, take ɗauke riga ɗaya ta gyara, ta goge, ta mayar kan rataya.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mata shekara biyar tana kallon mutum yana narkewa ta hannu da ƙafa yana kumbura ta ciki, ta rasa abin yi sai wasa da allura? Na ce ta mayar da mu duka sakarkaru, har na je gaban likita na rantse a kan ƙarya. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ninke rigar a hankali.

"Mutumin da kullum ake ce masa jininsa ya hau, abu ɗaya ya rage masa da yake taƙama da shi," ta ce. "Na ɗauka girma ne ya zo masa. Na ce bari in bar masa rigarsa."

Daga nan ba ta ƙara ɓata lokaci ba. Ta rufe keke, ta bar kayan makaranta a yanke, ta ɗauki rigar da littafin awonta, ta ce in zo mu je gida, don in ita kaɗai ce zai ce ta ƙirƙira. Muka same shi a falo yana goge takalmin aikin da ya yi wata uku bai sa ba. Ta durƙusa gabansa ta shimfiɗa rigar a kan gwiwarsa, ta nuna masa layukan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe shafin ƙarshe na littafin. Ashe duk gyaran da ta yi tana rubutawa, da wata da shekara, ba suna a sama.

Yaya ya daɗe yana kallon hudojin nan. Na ga kunnuwansa na motsi, alamar fushinsa da na sani tun muna yara. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga ya fi sauƙi. Ya ce ashe shekara biyar yana yawo a gari yana bugun ƙirji, matarsa na bayansa tana yi masa dariya. Ta ce ba ta taɓa yi masa dariya ba. Ya ce to ya ji, amma maganar ta mutu a ɗakin nan. An riga an sa ranar aiki, in aka koma da wani sabon zance za a ce sai an sake gwaji, a ɗaga ranar, wata shidan kamfani kuma ba ya jiran kowa. Ya ce bai yarda ta taka asibitin nan da tsumma a hannu ta kunyata shi ba.

"Baban yara, ban taɓa tsallake maganarka ba," ta ce. "Gobe da safe zan je. Ina faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani."

Washegari muka kama hanya ni da ita. Muna zaune a layin jira sai ga shi ya shigo, fuska a ɗaure, ya zauna can ƙarshen benci kamar bai san mu ba. Da aka kira mu shi ya fara shiga.

Anti ba ta iya dogon bayani ba, don haka ta yi abin da ta iya. Ta nemi izini ta ɗaga rigar saitin taga, ta nuna wa likita layukan, sannan ta karanto lambobin. Wuya daga sha biyar ya koma sha shida da rabi. Ƙugu daga talatin da huɗu ya kai talatin da tara. Damtse daga sha uku ya sauko sha ɗaya da rabi, cinya ta rasa inci uku. Likita ta tambaye ta yadda ta auna mutumin da ba ya tsayawa awo. Ta ce da ido, kuma in likita na shakka ga tef a jakarta. Likita ta karɓa ta auna wuyan Yaya da kanta, ta dubi tef, ta dubi littafi. Ta sa ya cire riga. Rabon da in ga yayana ba riga tun ina 'yar makaranta, sai na kawar da kai, don hannuwan da ke ɗaga ni sama da ɗaya sun zama sirara, ga tudun kitse a bayan wuya. Ta ce ya tsuguna ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Ya tsuguna, ya yunƙura sau biyu, sai da ya kama ƙafar tebur.

Likita ta ce ma'auni bai yi ƙarya ba, kilo saba'in da takwas ɗin na nan, wurin zama kawai ya sauya. Ta ba shi ƙwaya guda ya sha kafin ya kwanta, ya zo da sassafe a ɗebi jini. Ta ce akwai sinadarin da ake kira kotisol, a jikin mai lafiya ƙwayar nan kan sa ya sauka ƙasa kafin safiya. Na Yaya bai sauka ba. Aka sake wani gwajin, ya tabbatar. Ƙullutun nan abu biyu yake zubowa, ba ɗaya ba.

Sannan ta yi mana bayanin abin da hakan ke nufi. Ta ce tunda 'yar tsokar ta hagu ta daɗe tana cika jini da kotisol, ta dama ta ga ba a bukatarta, ta yi kwanciyarta. Da an cire ta hagu ba a sani ba, sai jiki ya wayi gari ba kotisol ko kaɗan, kuma mutum ba ya rayuwa babu shi. Jini zai iya faɗuwa warwas, mutum ya fita hayyacinsa, wani ma a gida abin ke samunsa bayan an sallame shi. Yanzu da aka sani, za a fara ba shi madadinsa tun a ɗakin tiyata, ya ci gaba da shan ƙwaya har ta daman ta farka, ko da zai ɗauki watanni. Ta dubi Anti ta ce ita ma ta koyi abu, daga yau ba za ta ƙara barin riga ta ba ta amsa ba.

An ɗaga aikin da kwana goma sha ɗaya. A kwanakin nan Yaya bai yi wa matarsa magana ba sai ta dole. Ta kai masa abinci ya ci, ta gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ita kuwa ko a jikinta, ta gama kayan yara tamanin, ta haɗa jakar asibiti, ta ɗinka wata 'yar jaka mai aljihu bakwai ta zuba ƙwayoyin kowace rana. Na tambaye ta ko ba ta damu da fushinsa ba. Ta ce mai fushi ai yana numfashi, ya yi ta yi.

Aka yi aiki lafiya. Kwana huɗu aka sallame shi. Ƙwayoyin hawan jini suka sauko daga huɗu zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya, ƙafafu suka daina ɗaurewa. Ƙwayar madadin kuwa Anti ce ke tsaye a kansa safe da rana, ba ta matsawa sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Saura kwana tara wa'adin kamfani ya cika ya je aka auna shi, sau uku a zama ɗaya kamar wancan karon. Ya dawo layinmu da makulli a hannu yana kaɗa shi, ya wuce shagona ko kallo ban ishe shi ba, wai ni ce mai shaidar zur.

Na ɗauka shi ke nan, an wuce wurin. Sai bayan wata huɗu, wata Asabar da hantsi, ga Yaya ya shigo shagon Anti sanye da rigar aiki. Akwai mata uku a kan benci suna jiran awo. Ni ma na zagayo, don na ga abin da ban saba gani ba: kwala ta yi masa yawa, yatsa biyu za su shiga. Anti ta gani tun daga ƙofa. Ta miƙa hannu ta taɓa kwalar, bakinta ya buɗe da kansa, ta fara cewa yadin nan da ma in ya sha wanki yakan saki.

"Tela, ƙyale yadin nan, bai yi miki komai ba," ya ce. "Ɗauko tef."

Ya tsaya tsakiyar shago, gaban matan nan, ya ɗaga hannuwansa biyu. Shekara ashirin da biyu da aurensu, ranar ta fara zagaya tef a wuyan mijinta. Ta matse tef da babban yatsa, ta duba, ta kai hannu za ta ɗauki littafi ta rubuta a ɓoye yadda ta saba. Ya dafe littafin.

"Faɗa mini da baki. Ko ya ƙaru ko ya ragu, ni za ki fara faɗa wa."

"Sha shida," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"Sha shida, Baban yara. Rabin inci ya tafi."

Ya ɗauki allin yankanta ya rubuta lambar da hannunsa a jikin katakon da ya raba shagunanmu, ya sa kwanan wata a gefe. Sannan ya juya mata baya ya ce saura ƙugu.